Dutse na Ashirin

Wani tela da 'yarsa ke fama da ciwon sikila ya ji a rediyo cewa masana sun fara gyara kuskuren da ake gada a cikin jini da wani ɗan ƙanƙanin almakashi. Abin ya tsaya masa a rai, ya tambayi likitar 'yar tasa yadda almakashin da ido ba ya gani zai san inda zai yanka. Likitar ta ce abin da ake kira DNA, inda kuskuren yake, igiya biyu ce a murɗe, mai haruffa iri huɗu, almakashin kuwa wani sinadari ne da ake haɗa shi da samfurin wurin da ake nema. Ta ga bai gane ba, sai ta ce, "Malam, bari in buga maka misali."

An yi wata mata mai sana'ar shirya duwatsun ado. Ran nan wata 'yar kasuwa ta kawo mata sarƙar gado, kamu goma sha biyu, igiya biyu a murɗe, duwatsun ja da fari da baƙi da shuɗi. Kakarta ce ta shirya ta tun tana budurwa, sai da tsufa ya kama ta ta tuna cewa a wani wuri zaren kirki ya ƙare mata, ta cike da ruɓaɓɓe. Zaren yana ɓoye cikin duwatsu. Tsohuwar ta manta ko a kamu na nawa ne, amma jerin launin wurin bai ɓace mata ba, don haka ta sa aka zura duwatsu ashirin a tsinke, ta ce a nemi irinsu dab da wasu jajaye biyu da ke jere. In an yanka wani wurin, babu mai iya maimaita ƙullinta. In an bari, wata rana sarƙar ta watse a tsakiyar kasuwa.

Mai shiri ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta sa yatsa ta bi sarƙar. Inda babu jajaye biyu, ko tsayawa ba ta yi. Inda ta same su sai ta warware murɗin kaɗan, ta kara tsinken, ta bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Da na uku ko na huɗu ya saɓa sai ta saki, igiya ta koma ta murɗe abinta. Wajen la'asar, baya ya ƙage, ta iso wani wuri: goma suka dace, sha biyar, har sha tara. Hannunta ya kai kan aska. Mai sarƙa ta ce, "Yanka mana, Iya, ai shi ne!" Mai shiri ta ƙara dubawa. Na ashirin shuɗi ne a tsinke, baƙi a sarƙa. Ta ajiye askar ta ce, "Ɗaya bai yarda ba, 'yar nan."

Sai can kusa da ƙarshe ta sami inda ashirin ɗin suka zauna cif. Nan ta riƙe gam, ta yanka, zaren ya marmashe a yatsunta kamar busasshen ganye. Ta zura sabo ta ƙulla, ta miƙe ƙafa ta sha ruwa, ranta fes. Mai sarƙa ta rataya abarta ta tafi nuna wa kakarta. Likitar ta ce wa telan tsinken nan shi ne samfurin, askar kuwa ita ce almakashin.

Ai dama Hausawa sun faɗa: kama da wane ba ta wane.