Fuskar da Tabilet Ke Nema

Ranar kasuwar Tsarnawa, da Tanimun ya zo raba wayoyin da aka ba shi caji, sai ya tarar da baƙuwa a cikinsu: tabilet, irin kwamfutar hannun nan mai faɗin allon karatu, siririya kamar an yanko ta da reza. Cunkoso bai bar shi ya ga hannun da ya jona ta ba. Yana taɓa gilashin ta haska, shi da masu jiran wayoyinsu suka ga abin da ke kai.

Zanen Alhaji Almustafa ne, shugaban 'yan albasa, mai filin da rumfar cajin take kai. Tun bayan Sallah zanen nan ke yawo a wayoyin gari ba a san mai shi ba. Ga Alhaji yana barci baki buɗe, ba hula, da ƙululu a tsakar kai kamar ƙwan zabo. Jama'a sun sha dariya, sun ce ƙululun sharrin mai zane ne, tunda ba wanda ya taɓa ganin Alhaji ba hula. Alhaji dai bai yi dariya ba.

Tanimun kuwa, ban da caji, shi ke zana zakuna a bayan manyan motoci. Shi ke nan, an gama shari'a tun ba a zauna ba.

Washegari aka tasa shi gaba zuwa ƙofar gidan Alhaji. Hukuncin gajere ne: kafin la'asar ya buɗe abin ya amsa laifinsa, ko ya kawo mai shi. In ba haka ba jandarma su tafi da shi, a kuma kwashe rumfar. Tanimun ya ji tsoro ƙwarai, don rumfar nan ce cin gidansa da na tsohuwarsa.

"Wallahi Alhaji ba ni ad da ita ba," in ji shi. "Ko buɗe ta ban iya ba."

Sai masana suka hallara. Garin da rabinsa ke latsa waya da ƙarfi kamar ana matse ƙurji ya wayi gari cike da gwanayen tabilet.

Dogo mai gyaran waya, wanda ya taɓa zama Sakkwato kuma bai bari a manta ba, shi ya yi bayani. Ya ce lasifika huɗu gare ta, batirinta yana yini bai gaji ba, gilashinta kuma ko rana tsaka ana gani tar. Ya cire farin alƙalamin da ke gefenta ya sake shi, alƙalamin ya koma ya manne da kansa, wani dattijo ya yi a'uziyya. Sannan ya faɗi babbar: ba a buɗe ta da lamba kawai, fuskar mai ita take kallo ta buɗe.

Malam Zakariya'u, tsohon daraktan lakwal, wato makarantar boko, bai ga abin yabo ba. Ya ce ta cika sirantaka, in aka zauna a kanta ta gama yawo. Ba ta shiga aljihu, ba ta da tocila mai kirki, kuma ga jan tabo a jikin alƙalamin, alamar masu ƙera ta ma ha'inci suke yi. Wani dillali ya shinshina ta ya ce shi abin da ya burge shi har ƙamshin humra Turawan suka sa mata. Aka yarda baki ɗaya cewa wannan ci gaba ne.

Aka kafa ta a fuskar Tanimun, ba ta buɗe ba. Ya fara murna, sai Alhaji ya ce ai ɓata fuska yake yi da gangan. Aka sa shi murmushi, aka sa shi ya ɗaure fuska. Shiru.

Daga nan aka bi maza layi layi: tela, mahauci, direbobi, har ladan. Kowa ya gyara hula kamar za a ɗauki hotonsa, kowa tabilet ta dube shi ta ƙi. Wani ya tambaya ko za a gwada mata, aka yi masa dariya. Alhaji ya ce shi iyalinsa ko rediyo sai ya kunna musu.

Inuwa ta fara tsawo. Tanimun yana zaune yana tunanin inda zai kai batura da allunan sola in aka kore shi. Dogo, da ya ga ilminsa na neman zubewa a gaban jama'a, ya ce maiƙon hannuwa ne ya rufe mata ido. A goge ta, a sake gwada Tanimun, yanzu za ta gane shi.

Alhaji ya ƙwala kira cikin gida, matarsa Hamdiyya ta fito da tsumma, ta ja mayafi har haɓa saboda maza. Ta karɓa tana gogewa, kanta a karkace, idonta a bango. Tanimun har ya ji tausayinta, baiwar Allah ko riƙe abin ba ta iya ba.

"Ke, wanga wane irin aiki ne?" in ji Alhaji. "Kina goge abu ba ki kallo nai? Ɗage mayahin ki duba abin da kike yi."

Hamdiyya ta daina gogewa. Ba a taɓa jin ta yi wa mijinta musu a gaban mutane ba, yau ma ba ta yi ba. Ta ɗage mayafin, ta dubi gilashin, tabilet ta buɗe.