Surin Bayan Ɗaki

Biba ta ɗaga taɓarya ta ƙwanƙwasa itacen rufin ɗakin da take haya a Madawa. Gari ya zubo mata a ka.

"Ka gani, Baba Kalla? Gara ta cinye cikinsa. A tone surin da ke bayan ɗakin nan, a fidda uwar garar tun damina ba ta kankama ba. Da jinjiri nike kwana nan."

Kalla, mai gidan, ya ɗaure fuska. "Surin nan mazaunin iskokin kakannina ne. Ko ubana bai taɓa sa mishi fartanya ba."

"To a sake itacen mana."

"Ke ɗiyar nan, bakinki ya yi yawa. Kwashe komatsanki, ina da mai shiga."

An tafi da mijinta aikin hanyar Nasara, ba mai tsaya mata. Ta goya ɗanta, ta taka har Sabon Gida wajen innarta tana kuka.

Bayan mako biyu, kashegarin wani ruwa mai ƙarfi, ta dawo ɗaukar turminta. Ta iske gidan cike da mutane, rufin ɗakin ya rufta. Kalla na zaune cikin laka, farcensa duk jini saboda tonon ɓaraguzai, ba ya ko ƙifta ido.

Ta riƙo maƙwabciyarta Delu. "Wane baƙo ne tsautsayi ya kai ciki?"

"Ba baƙo ba ne," in ji Delu a hankali. "Balki ce, ɗiyarsa, ta zo gida haihuwar fari. Da ita da jinjirin, ba wanda ya fita da rai. Yau ne ranar suna."