Mai Horar da Zubaida

"Riƙe min ajin nan, yanzu zan dawo."

Abin da Malam Auwalu ya ce wa Zubaida ke nan ranar da aka turo ta wata firamare a cikin garin Kazaure, ta koyi koyarwa a hannunsa. Har zango ya ƙare bai dawo ba. Ita kaɗai ta yi ta fama da yara, muryarta ta dishe ta dawo. Ba ta kai ƙara ba, don sai da sa hannunsa za a ɗauke ta aiki.

Ranar da Hajiya Asma'u ta zo daga Dutse duba aiki, sai ga shi ya ɓullo cikin babbar riga, yana ƙamshin turare. Zubaida ta koyar, Hajiya tana ta gyaɗa kai.

"Kullum ina bayan aji ina yi mata gyara, ranki ya daɗe," in ji Malam.

Zubaida ta sunkuyar da kai, baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Hajiya ta dubi yaran. "Yara, wane ne wannan?"

"Ɗan adaidaita ne!" suka amsa baki ɗaya.

Hedimasta ya daka musu tsawa. Hajiya ta gyara tabarau, ta ƙura wa Malam Auwalu ido.

"Ƙyale su, Hedimasta. Ni ma shi ya ɗauko ni daga tasha da safe. Duk hanya yana ba ni labarin yadda malaman yanzu ba sa zuwa aiki."