Masu Sauraren Kukuma

Tun da aka koma buga mujallu a takarda mai waƙa, bangon mujalla ba ya buɗe baki sai wanda aka yi shi dominsa ya matso kusa. Shi ya sa hankalin Ladidi ya tashi. Fitowar farko ta Kukuma, mujallarta ta mawaƙan da ba su da uban gida, tana jibge a shagon Malam Sambo mai ɗab'i, ta yi gum. Samari sun shafa, 'yan mata sun kara a kunne, ko tari ba ta yi ba.

"'Yar nan, su wa kika ce wa injin ɗab'in ya nemo miki a matsayin masu sauraro?" in ji Malam Sambo.

"Masu jin waƙa har ƙarshe, Baba. Waɗanda ba sa tsallakewa."

Kafin ya amsa, sai aka zo wucewa da makara. Suka miƙe tsaye kamar yadda aka saba, layin ya yi tsit.

A bayansu mujallun suka ɗauki waƙa a hankali, baki ɗaya, ba su daina ba sai da makarar ta sha kwana.

Malam Sambo ya share gumi. "To, gobe sai ki kai musu. Ai kin san hanyar maƙabarta."