Masu Barci a Ƙarƙashin Tabki

Tunda ka ce gobe za ka raka ɗalibanka ƙauye binciken hutu, zauna in ba ka wani misali kafin ka ɗaure kaya.

An yi wata ɗaliba 'yar aji uku a sashen kiwon kifi na wata jami'a, wadda aka zaɓa cikin masu fita bincike a dogon hutu. Aka tura ta wani ƙauyen masunta a bakin fadama, ana ƙarshen bazara. Aikinta shi ne ta duba tafkunan garin ta nuna wanda ya mutu, a kawo katafila a haƙa shi ya zama wurin kiwon tarwaɗa na jama'a. A bayan gari ta tarar da wani tabki da ya ƙafe ƙaf, lakarsa ta tsattsage kamar kaushin ƙafa, ko kwaɗo babu. Kwana tara tana zagaya shi da na'urarta, tana aune-aune, tana rubutu. Daga ƙarshe ta aika wa malaminta cewa nan babu ruwa, babu rai, nan ya kamata a haƙa. Aka ce katafila za ta iso ran Laraba.

To, a gidan wata tsohuwa mai bandar kifi aka sauke ta. Kullum da hantsi tsohuwar takan ratsa tabkin da itace a ka, kuma in ta zo bakinsa sai ta tuɓe takalmi, ta yi sallama a hankali, sannan ta taka kamar mai tsallake jariri. Ɗalibar ta ɗauka rikicin tsufa ne. Ran Litinin tana zaune a inuwar giginya, rana ta take, kawalwalniya ta kwanta a kan busasshiyar lakar har tana ganin kamar ruwa ne yake motsi, sai ga tsohuwa ta sake yin sallamar. Ɗalibar ta yi kamar ta ƙyale, amma dai bakinta ya riga ta.

"Iya, wai wa kike yi wa sallama? Ni ban ga kowa ba."

"Masu gida," in ji tsohuwa. "Barci suke, 'yar nan. Taho ki ji."

Ta durƙusa ta nuna mata wata 'yar kafa a ƙasa, wadda ko ɗan yatsa da ƙyar zai shiga. Ta ƙwanƙwasa gefenta sau uku, ta ce ta sa kunne. Da fari bugun zuciyarta kawai ta ji. Can sai wani nishi ya taso daga ƙasa, siriri, mai nisa, kamar na dattijon da ya juya a kan tabarma bai farka ba. Ta ɗaga kai ta duba, sai ta ga irin kafofin nan ko'ina, nan da can har iyakar ganinta. Ta ji kamar tana durƙushe a kan rufin wani gari, kowa a ɗakinsa, kowa yana mafarkin ruwa.

Tsohuwa ta sa fartanya a gefe ta ciro curin laka guda, suka kai gida suka saka a daro, suka cika shi da ruwa. Ɗalibar ta zauna a gabansa ta manta da abincin rana. Laka ta narke kaɗan-kaɗan, wata fata mai kama da ɓawon albasa ta saki, kafin la'asar wani dogon kifi ya warware kansa, ya ɗago baki ya shaƙi iska. Gaiwa ce. Ɗalibar ta karanta ta a littafi, ta zana ta a jarrabawa har ta ci maki, amma ba ta taɓa zaton ta yi kwana tara tana taka kawunansu ba. Tsohuwa ta ce haka suke yi duk shekara, su naɗe a laka suna cin jikinsu har ruwa ya sauka. Ta ce tun zamanin kakanni ba a sa ƙarfe a tsakiyar tabkin, gefe kawai ake haƙa, shi ma sai an matsu, kuma a shekarar da hatsi ya ƙi, da su garin ya kai ga kaka.

Da nauyin baki ɗalibar ta kira malaminta ta ce ta yi kuskure, a tsayar da katafila. Malamin ya amince. Sannan ya tambayi sunan tsohuwar, ya ce a rubuta shi kusa da nata a rahoton. Washegari su biyu suka fita neman wani wuri, ita tana gwada ƙasa da na'ura, tsohuwa tana murza ta a yatsu tana ɗanɗanawa, har suka yarda da wani kwari a gabas da gari. Nan aka haƙa.

Saura kwana uku ta koma makaranta ruwan farko ya sauka. Da safe ta je bakin tabki ita kaɗai. Ruwa ya kwanta fari tas, gajimare na yawo a cikinsa, sai ga bakuna suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya bar zobe yana faɗi har ya haɗu da na ɗan'uwansa. Ta daɗe a tsaye, littafi a hammata, ba ta rubuta komai ba.

Saboda haka in kun isa, ka ce wa yaranka su buɗe baki kafin su buɗe jaka. Hausawa sun riga sun faɗa: matambayi ba ya ɓata.