Ranar Da Ɗan Rahoton Kamfani Ya Zo Sayen Waya

Minti ashirin ina tsaye a shagon wayoyin nan, ba wanda ya ce min ci kanka.

"Baba, matsa gefe mana," in ji yarinyar da ke bayan kanta. "Masu araha suna can ƙasa. Kuma kada ka jingina da gilashi."

Duk ma'aikatan sun rufu a kan wani mai kwat da ɗan littafi a hannu. Na ji manaja yana raɗa wa mai gadi: "Shi ne wanda kamfani ke turowa a ɓoye, ya yi kamar mai saye, ya kai rahotonmu. In ya rubuta mu da sharri, duk an sallame mu."

Aka ba shi kujera da ruwan sanyi. Ya ce a ciro wayar da ta fi kowacce tsada. Ya jujjuya ta, ya yi rubutu, ya ce hasken shagon bai isa gwada kyamara ba.

"Ranka ya daɗe, fita da ita rana ka gwada!" Manaja da kansa ya buɗe masa ƙofa.

Aka yi rabin awa bai dawo ba. Manaja yana gumi yana yaƙe. "Haƙurinmu yake gwadawa," in ji shi.

Ni kuwa sai da mai gadi ya lalube min aljihu kafin ya bar ni na fita.

Na samu inuwa na zauna, na cire hula, na zaro takardar kamfani daga ciki. Tambaya ta bakwai: "An bar ka ka gwada kaya?"

Na rubuta: "Ni dai ba a bar ni ba. Wanda aka bari kuwa har yanzu yana can yana gwadawa."