Duron Mai a Ƙarƙashin Indararo

Alhaji, kafin ka sallami mutumin nan da ka kawo mini ƙararsa, sha ruwa tukuna, in ba ka wani misali. A cikin yawace-yawacena na taɓa sauka a wani gari, Funtuwa ce ko Gusau, yanzu garuruwan sun fara cuɗe mini. Mai masaukina attajiri ne, yana da wata doguwar mota ta alfarma, baƙa, ko kuwa shuɗiya ce mai duhu. Kujerunta na fata ne, in tana tafiya ba ka jin ƙarar injinta. Direbansa dattijo ne, shekara ashirin suna tare. Da damina ta kankama sai motar ta soma tari. A tayar da ita da safe ta yi ta jijjiga, a taka ta ta shaƙe, a tsakiyar kasuwa ta mutu, sai an taru an tura. Aka sauya filogi, aka sauya famfon mai har sau biyu, aka wanke tanki. Kwana uku ta yi lafiya, na huɗu ciwon ya dawo. Mutumin nan ba shi da zance sai nata, ko mun zauna karatu sai ya sako ta. Ya zargi waɗanda suka ƙera ta, ya zargi dillali, ya zargi bakanike. Da ya rasa wanda zai kama sai ya ce direba ne ke zuƙe mai yana cikawa da kananzir, ya karɓe makulli a gaban jama'a. Dattijon bai ce komai ba sai, “Allah ya bayyana gaskiya, Alhaji.” Ya tafi gida, sunan ɓarawo na bin sa, ba mai ba shi ko Keke Napep ya ja.

Na manta ban gaya maka ba, ka ga tsufa. Tun wata shekarar wahalar mai, attajirin ya daina yarda da gidajen mai. Ya ajiye duro a bayan gida, ya cika shi, ya sa kwaɗo, makullin na aljihunsa. Shi da hannunsa yake zura tiyo har ƙasan duron ya ɗura wa motar, kuma duk sanda aka wanke tanki daga nan yake sake cika shi. To, direba ya tafi, tari bai tafi ba. Sai wani tsohon bakanike ya ce a ɗebo masa man tankin motar a farar kwalba. Ya ajiye ta a kan benci, ya tafi ya yi alwala. Kafin ya dawo abin ya rabu biyu, mai a sama, ruwa kwance a ƙasa kamar kaurin yatsa uku. Ya ɗaga kwalbar ya ce, “Alhaji, motarka ba ta da laifi, kunu ake ba ta. A ina kake shan mai?” Attajirin ya miƙe ya nufi wajen duronsa. Muka zagaya bayan gida tare, sai ga duron tsaye daidai bakin indararo, ruwan sama ya taru a kansa yana tsiyaya ta murfi.

Sunan attajirin ya ɓace mini, amma ban manta yadda ya daɗe yana kallon makullin kwaɗon nan a tafin hannunsa ba. Ranar bai shiga mota ba. Da ƙafa ya taka har gidan direban, ya gayyato waɗanda aka tozarta shi a gabansu, ya roƙi gafara. Dattijon ya yafe, amma an daɗe kafin masu cewa ɓarawo su daina. Saboda haka, Alhaji, je ka leƙa bayan gidanka tukuna. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.